Kafin a Sake Raba Kekunan Ɗinki a Zariya, a Waiwayi Masu Shaguna

Da wuya shekara ta ƙare a ƙasar Zazzau ba a ji an tara matasa a wani zauren taro da sunan koya musu sana'a ba. Ɗan majalisa ya yi nasa, shugaban ƙaramar hukuma ya yi nasa, wata ƙungiya ta taso daga Kaduna ko Abuja ta yi nata. A yi mako biyu ko uku ana koyarwa, ranar rufewa a jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe da kayan aski a gaban manyan baƙi, a ɗauki hotuna, a watse. Ban raina wannan alheri ba, domin akwai gidajen da keke guda ya rufa wa asiri. Amma kowa ya san inda da yawa daga cikin kayan nan ke ƙarewa: kasuwa, a hannun wanda zai saya da rabin kuɗinsu. Kuma bai kamata a yi saurin cewa lalacin matasa ne ba. Wanda aka miƙa wa keke bayan mako uku bai iya yanka ba, ba shi da shago, ba shi da kuɗin zare da sitif, kuma babu mai hankalin da zai damƙa masa shaddar Sallarsa. In ya sayar da keken ya sayi abinci, abin da halin da yake ciki ya ba shi ke nan.

Abin da nake gani shi ne ana zuba kuɗin ne a inda ba nan ciwon yake ba. Zariya ba ta taɓa rasa wurin koyon sana'a ba. Muna alfahari da cewa garinmu garin ilimi ne, muna lissafa Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, da Kwalejin Barewa, da Alhudahuda, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da makarantar koyon tuƙin jirgin sama, da zaurukan malamai na cikin birni. Akwai wata makarantar da ba ta shiga wannan lissafi, alhali ita ce ke karɓar yaran da sauran suka bari a waje. Ka taso daga Ƙofar Doka ka bi ta Tudun Wada, ka tsallaka Kubanni ka faɗa Sabon Gari, ka wuce Kwangila har Samaru, kana leƙa shagunan bakin titi: teloli, masu walda, kafintoci, kanikawan mota da na babur, masu faci, masu gyaran waya, masu gyaran fanka da injin ban-ruwa. Kusan kowane shago za ka tarar da yara biyu, ko biyar, wani wurin ma goma, suna koyo. Ba gwamnatin da ta gina ajin, ba wadda ke biyan malamin. Maigidan shago ne ke ba da wuri da kayan aiki, shi ke haƙuri da ɓarnar da ɗan koyo zai yi kafin hannunsa ya faɗa, sau da yawa kuma shi ke ba da na abincin rana da na mota. Uba ya kamo hannun ɗansa ya kawo, ya ce, "Malam, ga amana nan, ɗanka ne," shi ke nan an gama ɗaukar ɗalibi.

Wannan mutumin, maigidan shago, shi ne ya kamata tallafi ya fara nema. A yanzu kuwa shi ne na ƙarshe da ake tunawa da shi, sai dai in lokacin karɓar haraji ya zo.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar kan ma'aikata a 2024 ya nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna wajen tsarin aikin ofis da na kamfanoni masu rajista, kuma fiye da kashi 80 kansu suke yi wa aiki. Manoma da 'yan kasuwa na cikin wannan adadi, masu sana'ar hannu ma haka. Wato mai albashi shi ne ɗan tsiraru a ƙasar nan. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai ƙara wa mai faci ko kwabo ba, amma tsadar kasuwar da ta sa aka yi ƙarin ta same shi kamar kowa.

A da can, garin nan ya san darajar gwani. Tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda masana gine-gine na gida da na waje suka yi ta rubutu a kan bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufinsa, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi da ƙasa da azara a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Har yau akwai unguwa da ke ɗauke da sunan sarautarsa. Abin lura a nan shi ne tsarin da ya haifar da irinsa. Kowace sana'a tana da shugaba da fada ta sani, Sarkin Maƙera, Sarkin Magina, Sarkin Aska, Sarkin Pawa. In akwai babban aiki, ta hannunsa ake bi. In wani ya yi ha'inci a sana'ar, shi ake kai wa ƙara. Gwani yana samun girma da aiki, kuma ana ɗora masa alhakin na ƙasa da shi. Sarautun na nan, ana naɗa rawani, amma babban aikin ya koma hannun ɗan kwangila mai takardu, gwani kuwa aka bar shi da alhakin yara kawai.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a sana'ar da aka fi sanin cikin birnin Zariya da ita, wato ɗinkin babbar riga. Riga guda takan bi ta hannu da yawa kafin ta hau kafaɗar mai ita. Mai jari ya sayi shadda a yanka. Mai zane ya zauna ya fitar da aska biyu, ko aska takwas, ko 'yar Dikwa, gwargwadon abin da ake so. Daga nan a shiga da ita cikin gida. A da maza ne ke wannan ɗinki a zaure da gindin bishiya, amma daga wajajen shekarun 1970 zuwa 1980 mata suka shigo shi sosai, musamman da kaɗin zare ya daina kawo kuɗi, har ya zama yau yawancin aikin allurar a hannunsu yake. Mace za ta yi makonni, wata rigar ma watanni, tana bin zanen da zare tsakanin girki da raino, ido na tsiyaya, baya na ciwo. In ta gama, tela ya haɗa, a wanke, mabuga su ɗora ta a gungume su yi ta bugu har ta yi ƙyalli, a naɗe, dillali ya ɗauka zuwa Kano ko Kaduna ko Abuja ko Legas. A can za a ce wa mai saye, "Alhaji, wannan aikin hannu ne, aikin Zariya," kuma wannan kalma kaɗai ta isa ta ɗaga kuɗin rigar.

To nawa ne ke komawa ɗakin da aka yi aikin? Mafi ƙanƙantar rabo. Dalilin kuwa a bayyane yake: matar ba ta ganin mai saye, ba ta san nawa aka sayar ba, ba ta da jarin da za ta sayi shaddar kanta, kuma in ta ce kuɗin ya yi kaɗan akwai maƙwabciya da yunwa za ta sa ta karɓa. Ba na cewa dillali ɓarawo ne. Shi ma ya sa kuɗinsa, yana jira watanni, yana ɗaukar asara in riga ta ƙi sayuwa. Amma sana'ar da wanda ya fi shan wahalarta ya fi kowa ƙarancin samu ba za ta riƙe 'ya'yan masu ita ba. Yarinyar da ta tashi tana ganin idon mahaifiyarta na mutuwa a kan allura, ga shi kuɗin bai isa cefane ba, da ta samu wata hanya za ta bi.

Ga kuma injin aiki na kwamfuta, wanda ke fitar da zanen wuyan riga cikin sa'o'i. Akwai masu tsine masa, ni ba na cikinsu. Talaka ma yana son ya sa riga mai aiki ranar Juma'a, injin ya sauƙaƙa masa, kuma samari da yawa na cin abinci da shi. Abin da zai kashe ɗinkin hannu shi ne a bar shi yana gogayyar araha da inji, gogayyar da ba zai taɓa ci ba. Kasuwarsa daban ce: sarakuna, masu sarauta, angwaye, manyan 'yan siyasa, da 'yan ƙasar nan mazauna waje. Waɗannan za su biya, in dai sun tabbata abin da suka saya na gaske ne. Me zai hana Masarautar Zazzau, tare da sashen zane-zanen masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke da ɓangaren tufafi, su fitar da tambarin shaida da za a riƙa liƙa wa rigar da aka tabbatar aikin hannu ce ta Zariya, da sunan gidan ko ƙungiyar matan da suka ɗinka? Tsakanin Samaru da cikin birni tafiyar mota ce ta ɗan lokaci. Rigar da ke ɗauke da sunan mai aikinta tana ba mai aikin bakin magana a wurin ciniki, kuma a zamanin WhatsApp da Instagram mai saye zai iya nemo ta kai tsaye.

Mu koma bakin titi. Ka tambayi mai walda ko mai injin katako abin da ya fi damunsa, ba zai ce maka yana son horo ba. Zai ce wuta. Sana'arsa gaba ɗaya a rataye take da waya. In an kawo wuta da tsakar dare, da tsakar dare zai fito aiki, maƙwabta su kwana da ƙarar injin yankan ƙarfe. In ba a kawo ba, sai janareta. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin da aka yi wa alkawarin sa'o'i 20 a rana zuwa naira 225 kowane ma'auni, sauran rukunan kuma, inda yawancin masu ƙananan shaguna suke, suka ci gaba da jiran abin da ya rage. A watan Oktoba na shekarar, lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta jefa yawancin jihohinmu cikin duhu fiye da mako guda. Ma'aikacin gwamnati ya karɓi albashinsa cif a ƙarshen wannan wata. Mai walda kuwa, kowace rana a cikin kwanakin nan asara ce da ba mai biyansa, ga yaran shago na zuwa da safe suna kallonsa.

Saboda haka in ɗan majalisa na da kuɗin aikin mazaɓa da yake son ya taɓa masu sana'a, ya nemi layin da teloli ko masu gyaran waya ko masu aski suka taru, ya sa musu sola ta haɗin gwiwa da mita a kowane shago, su riƙa biyan abin da zai isa gyara da sauya batir. Masu walda da masu injin katako, da sola ƙarama ba za ta ɗauke su ba, a nema musu taransifoma da layi na musamman a inda suka fi yawa. Sai dai a kiyaye abu guda: kada a ce za a kwashe su a kai bayan gari da sunan gina musu unguwar masana'antu. Mai ƙaramar sana'a da kusancin jama'a yake rayuwa. Matar da ƙafar tukunyarta ta karye ba za ta hau babur biyu don a liƙa mata ba.

Sai maganar da ke ɓata sunan masu sana'a a bakin kowa, wato rashin cika alkawari. Babu gidan da ba a taɓa yin rigima da tela a daren Sallah ba, ko a yi ta sintiri wurin kafinta ana jin "Hajiya, ki yi haƙuri, jibi in sha Allahu." Akwai masu yin haka don rashin tsoron Allah, ba zan kare su ba. Amma mafi yawan abin yana da tushe da ya kamata a fahimta. Mai sana'ar da ba shi da jari, kafin alƙalamin da ka ba shi shi ne jarinsa. Kuɗin katakonka da ka bayar yau, da shi zai ƙarasa gadon wanda ya biya makon jiya, naka kuma sai wani ya kawo nasa. In ciwo ya shigo gida, ko kuɗin makaranta ya taso, ko farashin katako ya tashi tsakanin ranar ciniki da ranar saye, kamar yadda ya riƙa faruwa tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sai igiyar ta tsinke a kan wanda tsautsayi ya faɗa wa. Tela kuma yana karɓar ɗinkin da ya fi ƙarfinsa a watan azumi ne saboda ya san bayan Babbar Sallah zai yi watanni yana gyaran zip da rage wando. Mu ma masu kai aiki muna da namu laifin. Nawa ne daga cikinmu ke karɓar kaya su ce za su aiko da ciko, cikon ya shekara bai zo ba? Mutum zai biya kuɗin kayan kanti nan take ba tare da neman ragi ba, amma ya tsaya yana ja-in-ja da mai gyaran takalmi a kan ladan guminsa.

Banki ba ya cikin lissafin waɗannan mutane. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da bashi, ga neman jingina da takardun da mai shago ba shi da su. Ko da an sauƙaƙa, da yawa ba za su taɓa bashi mai ruwa ba saboda addini, kuma suna da gaskiyarsu. Naira 10,000 da aka riƙa rabawa a shirin TraderMoni na ba ƙananan 'yan kasuwa rance a 2018 ta iya taimakon mai sayar da tumatir, amma ba ta sayen injin walda. Abin da ya dace da mai sana'a shi ne a saya masa injin ko kayan aikin, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan a kan farashin da aka yi yarjejeniya tun farko. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, sun san wannan ciniki. Mutanen da suka shekara da shekaru suna adashi ba tare da takarda ba, ba a jin kansu, sun riga sun nuna cewa suna iya biyan bashi in 'yan'uwansu ne shaidu. Gwamnatin jiha ta tsaya a matsayin mai lamuni, ƙungiyar masu sana'ar ta tsaya wa ɗanta, kuɗin zai dawo ya je hannun wani.

Takardar shaida ma matsala ce, ko da yake an fara ganin haske. Mutum ya shekara ashirin yana walda, ya yaye yara da dama, amma a idon kamfani shi lebura ne domin ba shi da takarda. Ga bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, ga sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano, duk ta ƙasarmu suke ratsawa, kuma irin waɗannan ayyuka ba sa ɗaukar mai walda sai da shaidar ƙwarewa. A manyan gine-gine kuma an saba jin cewa masu tayil da masu silin daga Togo da Benin ake ɗaukowa. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, tana da tsarin gwada wanda ya koyi sana'a a shago a ba shi shaida gwargwadon matakinsa, kuma an fara gwada haka da masu sana'ar kasuwar Panteka da ke cikin garin Kaduna tare da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Abin da aka yi wa Panteka babu dalilin da zai hana a yi wa Sabon Gari da Tudun Wadar Zariya ta hannun Kwalejin Nuhu Bamalli. Sharaɗi dai shi ne a yi gwajin da Hausa, a bakin aiki, da kuɗin da mai shago zai iya biya. In aka mayar da shi jarrabawar Turanci a kan takarda, waɗanda suka fi kowa iya aikin su za su faɗi.

Duk waɗannan ba za su yi amfani ba in babu mai saye, kuma a nan ne Zariya ta fi yawancin garuruwa sa'a. Jami'a, da asibitin koyarwa na Shika, da kwalejoji, da Depot, wato sansanin horar da kuratan sojoji, da makarantarsu, da makarantun kwana, kowace shekara suna buƙatar kujeru da tebura da gadaje da ƙofofi da kayan sawa na ɗalibai da ma'aikata da zannuwan gado da takalma. A Samaru akwai cibiyar binciken fata ta ƙasa, wadda tushenta ya faro tun 1964, ga dukawa da masu haɗa takalma a gari suna fama da robar da ake shigowa da ita. Tun 2017 akwai umarnin shugaban ƙasa da ya ce ma'aikatun tarayya su fifita kayan gida wajen saye. Amma yadda tsarin kwangila yake a ƙasar nan, mai rajistar kamfani da takardar haraji shi ke samun aikin, sannan ya zagayo ya ba kafintan unguwa a farashin da ba zai fitar da aiki mai kyau ba, ya kuma riƙe masa kuɗi har sai an biya shi. In kujera ta karye bayan zango guda, sai a ce ai aikin gida ba shi da ƙarko. Gyaran ba mai wuya ba ne: a raba irin wannan aiki ƙanana-ƙanana, a bar ƙungiyoyin masu sana'a masu rajista su nema kai tsaye, a ba su samfurin da za su bi da ma'auninsa, a ƙi karɓar abin da bai kai ba, a kuma biya cikin wa'adin da aka rubuta. Kafintan da ya san yana da aikin kujeru duk shekara zai sayi inji, zai ƙara yara, kuma ba zai taɓa kafin alƙalamin kowa ba.

Na san abin da wasu za su ce, cewa ƙasa ba ta ci gaba da ƙananan shaguna, masana'antu ake buƙata. Gaskiya ne, kuma ina fatan ganinsu. Amma mun ga zamanin da Zariya ke da kamfanin taba da injin gurzar auduga da tashar jirgin ƙasa mai cike da ma'aikata, mun ga masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, sauran suka bi bayanta. Da aka sallami mutane, shagunan nan ne suka karɓi da yawa daga cikinsu da 'ya'yansu. Ranar da masana'anta za ta dawo, ma'aikatan da za ta nema, masu walda da masu haɗa wuta da masu gyaran inji, daga shagunan nan za su fito. Yaron da ke buƙatar abin yi bana ba zai iya jiran ranar ba.

Akwai kuma gyaran da ya rataya a wuyan masu sana'ar kansu, kuma duk tallafin da za a ba su ya kamata ya zo da shi. Na farko algus: bututu marar kauri a shafe shi da fenti, ɗanyen katako a rufe shi da yadi, tsohon kayan gyara a wanke a ce sabo ne. Wannan shi ke kora mutane wurin kayan waje, kuma ƙungiyar da ba ta iya hukunta ɗanta a kan haka ba ta cancanci kwangila ba. Na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne halin ɗan koyo. A wurinmu yawanci ba a yanka wa'adi. Yaro zai shiga shago yana ɗan shekara goma sha biyu, ya kai ashirin da wani abu yana "yaron Oga", ba ranar yaye, ba abin da zai fara da shi. Wani maigidan yana ɓoye sirrin aikin don kada yaro ya tashi ya zama kishiya. Wani yaron kuma da ya ga ya iya ɗaure noti sai ya gudu ya buɗe nasa da rabin sani, ya je yana ɓata wa mutane kaya. Maƙwabtanmu Ibo a Sabon Gari suna yanka shekarun da yaro zai yi tun ranar da aka kawo shi, in ya cika kuma maigida ya sallame shi da jari. Ba sai mun kwafi nasu dukka ba, amma yanka wa'adi da sanin haƙƙin kowa abu ne da addininmu ma ya yi umarni da shi a kowace yarjejeniya. A rubuta takarda a gaban mai unguwa: shekara nawa, me za a koya, me uba zai kawo, me maigida zai yi ranar yaye. A kuma bar wa yaro lokacin makaranta, ko da ta yamma ce, domin kanikancin motar yau na buƙatar wanda zai karanta abin da na'urar gwaji ta nuna, tela na buƙatar lissafi, kuma mai walda da ke kare idonsa da tabarau na kwalliya yana buƙatar wanda zai gaya masa abin da hasken ke yi wa ido kafin ya kai shekara arba'in.

Maigidan da ya yarda da wannan, a biya shi wani abu a kan kowane yaron da ya yaye kuma ya ci gwaji. Ladan malanta ne da ya daɗe yana yi kyauta. Sabuwar cibiyar koyar da sana'o'i da gwamnatin jiha ta gina a Soba abu ne mai kyau, amma ɗalibanta ma sai sun zauna a shagon wani kafin hannunsu ya nuna, don haka ita ma tana buƙatar waɗannan iyayen gida.

Haɗarin da ke ciki sananne ne. Da zarar an ji akwai kuɗi, ƙungiyoyin bogi za su tsiro, 'yan siyasa su cika takarda da sunayen yaransu waɗanda ba su taɓa riƙe guduma ba. Abin da zai rage wannan shi ne shago ba ya ɓoyuwa. Yana da ƙofa, yana da maƙwabta, mai unguwa ya san shi, sarkin sana'ar ya san shi. Ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari ma sun san shi, domin ma'aikatansu na bin layi-layi suna karɓar kuɗin shago. Littafin da suke rubuta wanda ya biya da wanda bai biya ba, a ƙara masa gurbi uku: wace sana'a ake yi a nan, yara nawa ke koyo, wane inji ko kayan aiki ne babu. A kafe sunayen a ƙofar gidan mai unguwa na mako biyu domin duk wanda ya ga sunan bogi ya yi magana, sannan a miƙa wa duk mai niyyar kashe kuɗi da sunan masu sana'a a shekara mai zuwa.